Tambaya da Amsa: Wata Bakwai Ana Kirana Intabiyu, Har Yau Babu Takardar Aiki

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan neman aiki suke, kuma kusan duka kukansu ɗaya ne: an kira mutum, an gwada shi, an sake kiransa, daga nan sai a yi shiru. Na zaɓi huɗu daga ciki na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na wuraren da suka nemi aikin, kamar yadda muka saba yi a nan.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta aikin akanta a jami'a, na gama bautar ƙasa a 2023, sannan na samu koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a kan albashin naira 45,000 a wata. Wata bakwai da suka wuce na nemi aiki a wani kamfani mai hedikwata a Legas. An fara da jarrabawa ta intanet, aka kira ni Abuja na sake wata a kan kwamfuta, aka yi mini intabiyu ta bidiyo sau biyu, sannan aka ce in je Legas in zauna gaban manyansu. Na ci bashi na je. Bayan na dawo sun nemi takardar gwajin lafiya da sunayen mutum biyu da za su tsaya mini, har wani daga cikinsu ya ce mini a waya in fara haɗa kayana. Ganin haka sai na ajiye koyarwar. Yau mako tara ke nan babu kira babu saƙo, abin da na kashe kuwa ya haura naira 200,000. Shin in tuntuɓe su ne, ko yin hakan zai sa su ga na cika naci? Kuma mene ne aibun takarduna? Wallahi har na fara jin nauyin fita majalisa, domin duk wanda na haɗu da shi tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a fara aiki.

Daga wani matashi, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai ina so ka sauke wannan nauyin da ka ɗora wa kanka, domin mutumin da ya tsallake jarrabawa biyu da intabiyu uku har aka ce ya kawo takardar asibiti, takardunsa ba su da aibu, kuma bakinsa bai kayar da shi ba. Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani, na zauna a kwamitin ɗaukar aiki sau da dama, kuma ban taɓa ganin an tura wanda ba a gamsu da shi ba gwajin lafiya. Shirun da kake ji yana da dalili, amma dalilin yana can cikin ofishinsu, kuma galibi bai shafi ƙwazonka ba.

Abu na farko da ya tsawaita ɗaukar aiki a ƙasar nan shi ne yawan masu nema. A ƙarshen Disambar 2024 Hukumar Kwastam ta buɗe shafin neman aiki domin cike gurabe 3,927, mutanen da suka nema kuwa sun haura 570,000, wato sama da mutum 140 ke nan a kan kowace kujera. Yayyenka ba su manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, ranar da aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, bayan an karɓi naira 1,000 a hannun kowannensu, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Turmutsutsin wannan rana ya ci rayukan mutane fiye da 15 a Abuja da Minna da Fatakwal da wasu garuruwa. Tun daga lokacin hukumomi da yawa suka koma yin jarrabawa a kan kwamfuta rukuni-rukuni, wannan kuwa ya tsare rayuka, sai dai ya ƙara matakai, domin wanda ya samu takarda dubu a kan gurbi ɗaya ba shi da abin yi sai tankaɗe da rairaya, ya rage su zuwa ɗari, ya sake rage su zuwa goma. Idan kuma ka ji ana cewa rashin aiki bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 ba, kada ka ɗauka kai ne ka fita zakka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta sauya ma'auni, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a cikin masu aiki, shi ya sa adadin ya sauko zuwa kashi 4.1.

Yawan jama'a yana bayyana matakan farko ne kawai. Shirun da ke zuwa bayan matakin ƙarshe, irin wanda kake ciki, yana da wasu dalilai waɗanda mai nema ba ya gani daga waje. Sau da yawa manajan da ke buƙatar ma'aikaci ba shi ne mai sa hannu a kan kuɗin albashin ba, don haka sai a tallata gurbi, a yi intabiyu, a zaɓi mutum, sannan a tarar da cewa kuɗin bai samu amincewar na sama ba, ko kuma kasuwa ta juya an ce a dakatar da ɗaukar kowa sai sabuwar shekara. Wani lokaci kai ne na biyu a jerin, ana can ana ciniki da na farko a kan albashi, kai kuma an ajiye ka ba a ce maka e ba, ba a ce maka a'a ba, don kada a rasa ku duka biyun. Akwai kuma wanda ba zan ɓoye maka ba, wato a gama komai sai wani mai uwa a gindin murhu ya zo da 'yar takarda daga sama, waɗanda suka yi maka intabiyun su rasa bakin da za su yi maka bayani, sai su zaɓi yin shiru. Duk waɗannan na gan su da idona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan jan lokaci yake cin aljihun wanda ba shi da komai, kuma ɗan Arewa ya fi kowa jin jiki, domin manyan ofisoshin bankuna da kamfanoni suna Legas, na gwamnati suna Abuja. A zamanin iyayenku mutum kan je bakin ƙofar masaƙa a Kakuri ta Kaduna, ko masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano, a duba shi, a ce ya dawo ranar Litinin. Masaƙar KTL ta Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi bayanta, sai neman aiki ya zama tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, tafiya ɗaya zuwa Legas da dawowa, da masauki da abinci, tana iya lashe albashin malamin makarantar kuɗi na wata biyu. Waɗanda ke tsara intabiyu mataki biyar ba su cika yin wannan lissafin ba, domin ba daga aljihunsu yake fita ba.

Yanzu bari in faɗa maka inda ka yi kuskure, kuma ina faɗa ne don ƙannenka da ke karanta wannan shafi su amfana. Ajiye koyarwar da ka yi gaggawa ce. Wanda ya ce maka ka fara haɗa kaya wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ka ga hadari ne ka zubar da ruwan tulu. Ba a ɗauki mutum aiki ba sai ranar da takarda ta shiga hannunsa ɗauke da sunan muƙami, da adadin albashi, da wurin aiki, da ranar farawa, da sa hannun wanda ke da ikon sa hannu. Ko Dokar Ƙwadago, a sashe na 7, abin da ta wajabta shi ne a bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, ka ga ke nan tana magana ne a kan wanda ya riga ya shiga, mai jira a bakin ƙofa kuwa shi ne zai tsare kansa da kansa.

Game da tuntuɓarsu, ka rubuta musu yau, kada ka bari sai gobe. Wanda ya kashe kuɗinsa ya je har Legas yana da haƙƙin ya tambaya, kuma babu ma'aikacin kirki da zai kira wannan naci. Ka aika ta imel zuwa ga wanda ya gayyace ka intabiyun ƙarshe, domin rubutu yana zama shaida, kiran waya kuwa yana bin iska. Ka taƙaita, ma'anar saƙon ta kasance kamar haka: ka gode musu, ka ambaci muƙamin da ranar da ka zauna gabansu da ranar da ka miƙa takardar asibiti, ka ce har yanzu kana son aikin, sannan ka roƙi su sanar da kai matsayin da maganar take da lokacin da ake sa ran yanke hukunci, domin ka san yadda za ka tsara al'amuranka. Kada ka ambaci bashi, kada ka yi ƙorafi. Idan mako biyu ya wuce ka sake aikawa sau ɗaya, idan aka sake yin shiru to ka ɗauka babu, ka daina jiran gawon shanu. In daga baya suka kira, ka karɓa da godiya ga Allah.

A cikin wannan makon kuma ka shirya ka je wurin shugaban makarantar da ka bari, ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Malamin lissafi ba ya rasa aji a Zariya, in ba a can ba to a wata makarantar, ga kuma darasin yamma ga masu shirin jarrabawar fita sakandare. Naira 45,000 ba ta kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, na sani, amma ita ce za ta saya maka data da kuɗin mota na neman da ke gaba, kuma kwamiti ya fi sakin jiki da wanda yake kan wani aiki fiye da wanda ya ce yana zaune a gida.

Nan gaba, ranar da aka fara kiranka ka yi tambaya cikin ladabi: matakai nawa ne, yaushe ake sa ran kammalawa, kuma idan za a yi tafiya shin kamfani yana mayar da kuɗin mota, ko za a iya yi ta bidiyo. Amsar da za a ba ka za ta nuna maka irin mutanen da za ka yi wa aiki. Ka yanke wa kanka iyaka, kada neman gurbi ɗaya ya ci fiye da abin da kake samu a wata, kada kuma ka tsayar da sauran nema don wani wuri ya yi maka murmushi. Ka kuma rage sanar da jama'a. Iyayenka da mutum ɗaya ko biyu da za su yi maka addu'a sun isa, domin rabin nauyin da kake ji yanzu daga bakin waɗanda ka yi wa albishir tun kafin lokaci yake fitowa. Mu kuma dangi da abokan zama, ya kamata mu gane cewa tambayar yaushe za a fara aiki, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta, tana sukar wanda bai san amsarta ba.

Ina da magana da masu ɗaukar aiki, domin na san wasunsu suna karanta wannan mujalla. Har yau ina tuna wani yaro da ya zo mana daga nesa, ya kwana a tasha, rigarsa a goge a cikin leda don kada ta yamutse, ya sa ta a bakin ƙofa kafin ya shigo. Kwana biyu kafin zuwansa an riga an dakatar da gurbin, kuma babu wanda ya ga ya zama dole ya kira shi ya ce kada ya taso. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba. Saƙo mai layi biyu da ke cewa mun gode, ba mu ɗauke ka ba a wannan karo, ba ya cin ko kwabo, amma yana sakin mutum ya kama wata hanya. A Suratul Ƙasas, lokacin da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki, ma'auni biyu 'yarsa ta kawo, ƙarfi da amana, shi kuma ya faɗi sharaɗi a fili nan take, shekara takwas, in ya cika goma to daga gare shi ne. Wanda yake neman amana a wurin ma'aikaci, ya kamata ya fara nuna ta tun mutumin yana mai nema.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Na karanta kiwon lafiyar al'umma. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ce a matsayin gwaji in rubuta mata cikakken tsarin wayar da kan iyaye mata a kan rigakafi na shekara guda a ƙananan hukumomi uku. Na yi mako biyu ina rubutu, na miƙa shafi 30. A wurin intabiyu kuma sai aka koma tambayata ko ina da aure, ko maigidana zai bar ni in riƙa kwana a ƙauye, da kuma yaushe nake sa ran haihuwa. Ba a ɗauke ni ba, amma bayan wata uku na ga suna gudanar da abin da ya yi kama da tsarina sosai. Ina da wani haƙƙi kuwa? Kuma yaya ake amsa irin waɗannan tambayoyin?

Daga wata baiwar Allah, Sakkwato.

AMSA

'Yata, Allah Ya mayar miki da alheri. Gwaji a wurin ɗaukar aiki abu ne mai kyau, domin sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwaji yana da iyaka. Na gaskiya ba ya wuce 'yan awanni, kuma akan gina shi a kan misali ko tsohon aikin da aka riga aka gama. Abin da aka sa ki yi kuwa, tsari na shekara guda a kan ƙananan hukumomin da ƙungiyar take aiki a cikinsu, aiki ne da ake ɗaukar ƙwararru a biya su kuɗi mai kauri su yi.

Game da haƙƙi, ba zan ba ki fatan da ba shi da tushe ba. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutu kamar yadda aka tsara shi, ba ta kare dabara ita kaɗai, don haka idan shawararki suka ɗauka suka sake mata riga, tabbatar da hakan yana da wuya. Idan kuwa kin ga jimlolinki ko jadawalinki a cikin takardunsu, to ki haɗa imel ɗin da aka nemi aikin da wanda kika aika da shi, masu ɗauke da ranaku, ki nuna wa lauya, ki kuma rubuta wa shugaban ƙungiyar cikin natsuwa. Mai yiwuwa shi kansa bai san abin da na ƙasa da shi suka yi ba, kuma ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi daga waje suna gudun irin wannan magana ta kai kunnen masu ba su kuɗi. A gaba, idan aka ba ki irin wannan aiki, ki tambayi shafi nawa ake so da awa nawa ake sa ran zai ci, ki miƙa ginshiƙan tsarin a shafi uku ko huɗu da sunanki da kwanan wata a kan kowane shafi, ki rubuta cewa za ki yi cikakken bayani da baki a gaban kwamiti. Mai neman sanin iyawarki wannan ya ishe shi.

Tambayar aure da haihuwa kuwa ba ta dace ba, kuma ban taɓa jin an yi wa namiji irinta ba. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan hana wariya a wurin aiki tun 2002, Dokar Ƙwadago kuma ta tanadi hutun haihuwa na mako 12. Sai dai na san a cikin ɗakin intabiyu ba karanto doka ne zai ba ki aiki ba. Abin da nake ba 'ya'yana mata shawara shi ne su amsa damuwar da ke bayan tambayar, su bar sirrin gidansu a rufe. Ki ce kin karanta sharuɗɗan aikin, kin san yana da tafiye-tafiye da kwana a waje, kin tsara al'amuran gidanki kafin ki nema, sannan ki kawo misalin aikin ƙauye da kika taɓa yi. Amma ki tabbata kin zauna da maigidan naki kun yi maganar tun kafin ranar, domin abin da za ki faɗa ya zama gaskiya.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ni tsohon ma'aikaci ne da na yi ritaya. Ɗana yana da babbar difloma, shekara huɗu ke nan yana cike-ciken neman aiki, ko sau ɗaya ba a kira shi ba. Wani mutum da aka haɗa ni da shi ya ce yana da gurbi a wata hukumar tarayya a kan naira miliyan 2, rabi yanzu, rabi idan takarda ta fito. Ba ni da kuɗin sai in na sayar da gonar da na gada. Zaman yaron a gida yana hana ni barci. Me kake gani?

Daga wani uba, Gusau.

AMSA

Malam, ɗan'uwana, na fahimci abin da ke hana ka barci, domin babu uban da zai ga ɗansa ya yi karatu yana wuni a ɗaki hankalinsa ya kwanta. Duk da haka ina roƙonka don Allah kada ka sayar da gonar nan.

Cinikin gurabe yana faruwa, ba zan ce maka ƙarya ne ba. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi domin binciken cuwa-cuwar ɗaukar aiki a hukumomin tarayya, kuma mutane sun tsaya gabansa sun ba da labarin kuɗin da suka biya. Amma a kan kowane dillali da yake da hanya ta gaske akwai 'yan damfara masu yawa da ke cin abinci da sunansa, kuma wannan tsari na rabi yanzu rabi daga baya shi ne tarkon da suka fi amfani da shi, domin rabin farko shi ne ribarsu, takarda kuwa ana iya buga ta a kowane shagon kwamfuta. A 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sanar da gano ma'aikata fiye da 1,000 da suka shiga aiki da takardun bogi. Wasu daga cikin irin waɗannan sukan yi watanni suna zuwa ofis kafin a gano su a cire sunansu daga tsarin biyan albashi na IPPIS, a lokacin kuwa kuɗi ya tafi, dillali ya kashe waya, kuma babu inda za a kai ƙara, domin dokar Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta 2000 ta sa mai bayarwa da mai karɓa a layi ɗaya, kowannensu yana iya fuskantar ɗaurin shekara 7.

Ko da a ce gurbin na gaske ne, ka dubi wasiƙar farko a wannan shafi. Kujerar da za a sayar maka ta wani yaro ce da ya ci jarrabawa yana can yana duba wayarsa dare da rana, kuma mun san abin da hadisi ya faɗa na la'ana a kan mai ba da rashawa da mai karɓarta. Ba na so albashin da ɗanka zai ciyar da jikokinka da shi ya faro daga nan.

Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ita ce a tallata guraben gwamnati a aƙalla jaridu biyu na ƙasa, a ba masu nema mako shida, kuma shafukan hukumomin gwamnati na gaske galibi suna ƙarewa ne da gov.ng. Yaron ya ci gaba da nema ta wannan hanya, amma shekara huɗu babu kira ko ɗaya alama ce cewa a sake duba yadda yake nema. Ka kai shi wurin wani da yake aiki a fanninsa ya duba masa takardar tarihin karatunsa da aikinsa, ya kuma nemi wurin da zai riƙa zuwa yana koyon aikin da hannu ko da alawus kaɗan ne, domin wanda ake gani kullum a wurin aiki shi ake fara tunawa idan gurbi ya samu. Ka zaunar da shi ka tambaye shi abin da zai iya yi da kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi, wanda amfanin gonar na damina ɗaya zai iya samarwa ba tare da an rabu da ita ba.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam, shekarata 29, yajin aikin malaman jami'a ne ya cinye mini lokaci. Kusan duk tallar da na gani ana cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Abokaina sun ce in je kotu in yi takardar rantsuwa in rage shekara uku. In yi?

Daga wani mai karatu, Azare.

AMSA

Kada ka yi, ɗana. Kukanka gaskiya ne, domin yajin aikin 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma rashin adalci ne a hukunta ɗalibi a kan lokacin da ba shi ya ɓata ba. Amma ranar haihuwarka tana rubuce a lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da takardun sakandare, da rajistar bautar ƙasa, kuma masu ɗaukar aiki yanzu suna gwama su da juna. Ranar da suka saɓa za a ajiye takardarka ba tare da an ce maka komai ba, in kuma ka tsallake, maganar za ta iya tashi lokacin ƙarin girma ko lokacin fansho, ga kuma nauyin rantsuwa a kan ƙarya. Iyakar shekaru ta fi tsanani a shirye-shiryen ɗaukar sababbin masu digiri na bankuna da manyan kamfanoni da kuma aikin ɗamara. Ƙananan kamfanoni da makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi sun fi duba abin da ka iya, kuma da zarar ka tara gogewar shekara biyu ko uku, za ka riƙa neman guraben masu ƙwarewa, inda ba a cika sa wannan sharaɗi ba. Ka rubuto mini fannin da ka karanta da abin da ka yi a lokacin bautar ƙasa, in Allah Ya yarda zan nuna maka irin wuraren da ya kamata ka fara ƙwanƙwasawa a fitowa ta gaba.